Ruger Mark IV a hannun maman yara

Mutanen Jidda masu zuwa kulob ɗin harbi da iyali, ga abinda na gani game da bindigar hannu Ruger Mark IV 22/45 Lite. Maman yara hannunta ƙarami ne, in ta harba mai cin harsashin 9mm bindigar sai ta zabura ita kuma ta runtse ido, to wannan Ruger ɗin ƙaramin harsashi .22 LR take ci, bata fizga sosai kuma ba nauyi, yatsanta na kaiwa kunama ba sai ta murɗa hannu ba. Mun gwada wata bindigar, Browning Buck Mark, tana da kyau amma mariƙin ya cika mata tafi. Haya muke a kulob, lasisi anan ba wasa bane. Ruger ɗin harsashi 10 take ɗauka, harsashi mai araha dai yakan maƙale mata wani sa'in.