Kwana biyar da na yi a horon masu raino

Shekara ta bakwai ke nan ina riƙe da gidan raino a unguwarmu. Yawanci 'ya'yan malaman makaranta da na ma'aikatan asibiti ake kawo mini da safe, a ɗauke su bayan la'asar. Watan jiya na rufe gidan na kwana biyar na je wani horo da aka shirya wa masu raino, kuma ban yi asarar kuɗina ba.

Rana ta biyu ita ta fi tsaya mini a rai. Malamar nas ce, Sista muke ce mata. Ta ɗora 'yar tsana a kan tebur ta ce, "Hajiya, tuwo ya maƙale wa jaririn nan, ba ya kuka, ba ya tari. Me za ki yi?" Na ce zan zura yatsa in zaƙulo. Ta ce yatsan nan shi zai ƙara tura abin ciki. Sai ta kama hannuna ta kifa 'yar tsanar a kan damtsena, kai ya yi ƙasa, na tallafe haɓa, na bubbuga tsakanin kafaɗu sau 5, na juyo ta na danna ƙirji sau 5. Wannan ga ɗan ƙasa da shekara ɗaya ne. Sai da kowaccenmu ta maimaita har hannu ya saba kafin ta bar mu muka zauna.

Maganar jijjiga ma ta taɓa ni, don na taso ina ganin ana tura wa yaro cokali a baki. Ashe cutarwa ce. A kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a sa masa komai a baki, a duba agogo. In ta kai minti 5, sai asibiti ba jira.

An ba mu igiyar awon damtse, mai ja da rawaya da kore, ta yara 'yan wata 6 zuwa 59. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa ta yi tsanani ke nan. An kuma tuna mana haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Inda ban ji daɗi ba, darasin wasa da hira da yara. An ce daga tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar aka ɗauko shi, kuma abu ne mai kyau, amma karanta mana shi aka yi a tsaye, cikin sauri. Takardun duk da Turanci suke, alhali da yawa daga cikinmu Islamiyya kawai suka yi. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, ni na riƙa fassara mata, ita da ta fi mu duka daɗewa a raino. Wannan ya kamata su gyara.

Tun da na dawo na daina ba ƙananan yara gyaɗa don gudun maƙalewa, kuma na rubuta lambar kowace uwa na manna a bango. In an sake buɗe horon, yarinyar da ke taya ni aiki zan tura, ni zan biya mata.