Yukcho ko Kunye: Wanne Ya Dace da Mai Ciwon Jiki?

Masu ciwon baya suna yawan tambaya wanne za su zaɓa tsakanin yukcho da kunye, waɗanda dukansu maganin gargajiya ne na Tibet, wani yanki a nahiyar Asiya. A yukcho ana bubbuga wurin ciwon da siririyar sanda mai lanƙwasa. Ba ya buƙatar mai, sai dai gwanayensa ba su da yawa, kuma bugu a kan kumburi ko karaya haɗari ne babba. Kunye kuwa tausa ce da man riɗi ko man shanu, wadda ta fi cin lokaci da kayan aiki, amma ta fi laushi ga jiki. A ganina, ciwon da ya daɗe sai an ga likita tukuna. Yukcho ya dace da mai taurin tsoka a wuri guda, kunye kuma da dattijo ko mai fama da gajiya da rashin barci.