Sigiriya, Dambulla da giwayen Minneriya a wuni ɗaya

Kamfanonin yawon buɗe ido a Siri Lanka suna shirya wata tafiya ta wuni guda da ta haɗa dutsen Sigiriya, wurin bautar da ke cikin kogo a Dambulla, da gandun dajin Minneriya. Na bi ɗaya daga cikinsu. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai dai an cusa wa yinin abin da ya fi ƙarfinsa.

Da sassafe muka isa Sigiriya, kuma hakan ne daidai, domin in rana ta take hawan zai zama azaba. Sarki Kashyapa, wanda ya yi mulki daga 477 zuwa 495, shi ya gina fadarsa a kan wannan dutse mai tsayin kusan mita 180. Matakalar ta kai wajen 1,200. A tsakiyar hanya akwai zanen mata a jikin dutsen, launinsu bai koɗe ba har yau, kuma ba a yarda a ɗauki hotonsu. Gaba kaɗan sai manyan dagin zaki biyu da aka gina, ta tsakaninsu ake bi a hau sama. Nan ne aka kafa alluna ana roƙon mutane su rage surutu saboda rina. Abin da ya fi burge ni yana ƙasa ne: lambunan ruwa da aka shimfiɗa wa magudanai a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda har yanzu suke feso ruwa in damina ta zauna.

Dambulla kuwa a guje aka bi da mu. Kogo biyar ne cike da mutum-mutumin Buda sama da 150, amma ɗan jagora sai duba agogo yake yi. Ana cire takalmi, a rufe kafaɗa da gwiwa. A tafi da safa, dutsen yana ƙona ƙafa da rana.

Sai da la'asar na ga hikimar haɗa wuraren. Tafkin Minneriya ba na Allah-da-Annabi ba ne, Sarki Mahasen ne ya sa aka gina shi a ƙarni na 3 domin noma. Da rani ruwan yakan ja baya, ɗanyar ciyawa ta tsiro a inda ya bari, giwaye su fito daga dazuzzukan kewaye, musamman a Agusta da Satumba, lokacin da ake rani a can. Aikin ruwan sarakunan da muka gani da safe, irinsa ne yake ciyar da giwayen yamma. Na zura wa wata uwa ido tana tuge ciyawa da ƙafa, ta naɗe da hanci, ta kakkaɓe ƙasar a gwiwarta kafin ta kai baki, ɗanta yana laɓe a ƙarƙashin cikinta. Galibin giwayen ba su da haure.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne motocin jif. Da an hango garke sai su yi masa zobe, har su tare wa giwaye hanyar ruwa. Sai da muka matsa wa direbanmu kafin ya ja baya ya kashe inji. Mai niyyar zuwa ya yi wannan magana da direba tun kafin a shiga. Ya kuma tambaya ina giwayen suke a lokacin, domin sukan koma gandun dajin Kaudulla ko na Hurulu da ke kusa, kuma kamfani na gari zai sauya hanya ya bi su can.