Tiyar ko tu-riski, in dabba ta ji ciwo a haɗarin mota

Salam 'yan gurup. Ƙanena mai tambaya ko tu-riski, babbar asirans mai gyara har motarka, za ta biya maganin karenka in kun yi haɗari yana cikin mota, ko ƙaramar asirans ta dole wadda muke ce ma tiyar ta isa: yanki tiyar ɗinka, sauran kuɗin ka aje ma likitan dabbobi.

Ni tiyar ta taɓa hidda ni kunya. Ina dawowa daga Ɗan Isa dab da magariba, na kauce ma rami sai na kwashe wata jar akuya irin tamu ta Maraɗi, yaro na riƙe da igiyarta a gefen kwalta, ga ta da ciki ya tsufa. Nan take ta mutu. Ashe ta wata tsohuwa ce, ita kaɗai gare ta, nononta take dama ma jikoki hura. Kahin ka ce mi mutane sun taru kowa na yanka nashi kuɗi, ni kuma abin da ke aljihuna bai kai jika biyar ba. Wani direban kaminyo ya ja ni gefe ya ce Alhaji kar ka yi ciniki a titi, kira jandarma su yi kwansta, wato takardar yadda haɗarin ya faru. Aka auna, aka rubuta akuya a ɗaure take kuma ba bisa hanya ba, laifi nawa. Washegari na kai takarda ajans, ofishin asirans ɗina, don kwana 5 suke ba mutum ya sanar. An sha zirga-zirga kam, ba zan ɓoye ba, har tsohuwa ta hidda rai, amma daga baya aka biya ta ta sayi wata. Ranar da na biya gaishe ta ƙwaryar nono ta ciko mini tana ta sa albarka, har yau in na bi hanyar sai na tsaya.

Aikin tiyar ke nan, ɓarnar da motarka ta yi ma WANI, ko mutum ko mota ko dabba. Amma ku lura da igiyar nan, da akuyar sake take tana yawo bisa kwalta da zance ya canza, laifi na iya komawa kan mai ita.

Tu-riski kuwa sau guda na yanka, shekarar da na sawo mota daga Kwatano ina ji da ita. Ta gyara mini gaban mota bayan ekspar, mai ƙiyasta ɓarna, ya duba an cire nawa kaso, shi ke nan abin da zan iya faɗi nata na alheri. Ragon layya balami da na ɗauko daga Tasawa a but ya karye a ƙafa a haɗarin, na je da ƙarfina sai ma'aikacin ya buɗe kwantara ya nuna mini, mota aka yi ma asirans, abin da ka loda ciki kaya ne, ko rago ne ko kare. Ko wadda ake ƙarawa ta fasinja mutane take nufi. Rago mai ɗingishi a fili kuma ba ya layya, dole na sayi wani ana gobe Salla, kun san farashin wannan ranar.

To karenka yana da hanya guda: in wata mota ce ta buge ku kuma laifin nata ne, tiyar ɗin mai motar ce za ta biya, tunda kai ne wani a wurinshi. Sai ka tabbata an sa karen cikin kwansta tun a wurin, ka aje odonans da rasi na likita. In kuma ajans ta ce maka tana da ƙarin da ke rufe dabba, ka ce a nuna maka layin a rubuce kahin ka ba da ko dala.

Ba ka tambaya ba amma hattara da 'yan kamasho masu yawo tasha da takardu a jaka suna cewa za su yi maka rangwame ko ka biya daga baya. Dokar asirans ta CIMA, da mu da sauran ƙasashen sefa ke bi, tun 2011 ta ce in kuɗi ba su shiga ba asirans ba ta fara aiki ba. Wasu ma takardar jabu ce, kana nuna ma polis kana wucewa, sai ranar haɗari ka ji ajans ba ta san lambar motarka ba. Je ka ofis da ƙafarka ka karɓi rasi mai tambari, in kana shiga Jibiya ko Katsina ka haɗa da kart burin ta CEDEAO, takardar asirans ta ƙetare iyaka.

Karen kuma ka riƙa ɗaure shi a kujerar baya, ka daina bari yana leƙo kai ta gilashi, birki guda zai wurgo shi.