Gidan tarihin Tarbat a Portmahomack: ƙarami ne amma ya cancanci tafiyar

Jama'a duk wanda yake karatu ko zama a Sikotland ya daure ya leƙa Tarbat Discovery Centre, a ƙauyen Portmahomack can arewa da Inverness, kusa da garin Tain. Tsohon coci ne na St Colman aka mayar gidan tarihi a 1999, kuma a gefensa aka tono gidan sufayen Kirista na mutanen Pict, mazauna arewacin Sikotland na zamanin dā, waɗanda a dā ake musu kallon jahilai don ba su bar littattafai ba.

To nan ne fa wurin ya burge ni wallahi. Farfesa Martin Carver na Jami'ar York da mutanensa sun yi ta haƙa daga 1994 har 2007, sai ga majema guda inda ake gyara fatar shanu don yin rubutu a kai, ga duwatsun goge fata, ga ƙasusuwan ƙafar shanu da ake ganin da su ake ɗaure fatar a miƙe ta, kai har tokar ciyawar teku suke amfani da ita wajen cire gashi tunda ba su da farar ƙasa, wanda ya taɓa shiga majemar Kano zai gane aikin nan take. Mutanen da suke jeme fata don littafi ai ba za a ce ba su san karatu ba! Ga kuma mazubai da ƙananan kaskon narka ƙarfe na maƙeransu.

Sassaƙen dutse kuwa sai wanda ya gani, musamman wanda aka zana saniya tana lasar maraƙinta, na daɗe tsaye a gabansa. Yawanci gutsattsari ne, don wajen shekara ta 800 an ƙona wurin an farfasa duwatsun, ana zargin maharan Viking ne, wato mayaƙan teku daga arewacin Turai, kuma cikin kaburburan (yawancinsu na maza ne manya da tsofaffi) akwai mai saran takobi a ƙoƙon kai. Abin tausayi gaskiya.

A sani dai wurin ba shi da girma, wasu manyan kayan ma suna gidan tarihin ƙasa a Edinburgh, kuma ba sa buɗewa lokacin sanyi, don haka a duba kafin a kama hanya. In da mota a ƙarasa Nigg da Shandwick a ga dogayen duwatsun Pict na can, duk yanki ɗaya ne.