Hirar 'yan barkwanci huɗu a katin memwar: abin da na ji a hanyar Yamai zuwa Tawa

Makon jiya na tafi Tawa bikin ɗiyar yayata. Wanda ya saba da hanyar ya san zaman da ake yi cikin kar tun asuba: fiye da kilomita 500, a bi Doso, a bi Dogon Dutsi, a sha iska a Ƙonni, sannan a karya kwana a Tsarnawa a nufi arewa. Ana gobe zan tashi na biya shagon wani yaro a unguwarmu, mai zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi da fina-finai a waya. Na ce masa abin saurare nake so, don idona ba ya jure kallo cikin mota. Ya ce, "Baba, akwai hirar wasu 'yan barkwanci, kashi 12, kowane kusan awa guda. In ba ta yi maka ba, kawo katin in ba ka kuɗinka." Na biya jika 2 da rabi har da katin. Rabi na saurara a tafiya, rabi a dawowa.

Ba wasan kwaikwayo ba ne. Babu mai shigar tsoho, babu mai maƙale murya. Maza huɗu ne zaune a fada, har kana jin ƙarar shayi ana zuba shi daga buta zuwa kofi. Akwai Ba'adare, akwai Bagobiri daga wajen Maraɗi, akwai Bazabarme ɗan Doso wanda Hausa ta zauna masa daram a baki, sai babbansu, mutumin Damagaram, da suke kira Dattijo. Ɗaya ya jawo labari, sauran su yi ta tsinka masa shi. Bagobirin da Bazabarmen kuwa tun sallama suke fara cin naman juna, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya. Wannan wasan taubasai shi ne gishirin hirar. A 2014 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da sunan Nijar, amma mu tun muna yara muke ganin yadda yake kashe faɗa a bakin rijiya, kuma na ji daɗi da na same shi yadda yake, ba a yi masa kwalliya ba.

Kashi 3 na farko na tafiye-tafiye ne, kuma ko su kaɗai aka ba ni, kuɗina sun fita. Ba'adaren ya ba da labarin zuwansa Abijan na farko yana ɗan shekara 17. Tsohuwarsa ta ƙulle masa gari da ƙuli-ƙuli a tsumma, ta ɗinke masa kuɗin mota a cikin wando. Ya sauka a Ajame ya shiga gaida duk wanda ya gamu da shi, kamar yana ƙauyensu, babu mai amsawa, har ya ɗauka wani babban mutum ne ya rasu a garin shi ya sa kowa ya ɗaure fuska. Na yi dariya har wanda ke kusa da ni ya ce, "Malam, a sammana mana." Na ba shi kunne ɗaya na abin saurare, muka ci gaba tare har Dogon Dutsi.

Abin da ya kama ni shi ne inda labarin ya gangara. Ya faɗi yadda suke kwana su 9 a ɗaki guda, yadda ya yi wata 2 yana yawo da takalma a kai bai sayar da na kirki ba, yadda ya aika gida a ce wa tsohuwarsa har ya yi ƙiba alhali sau ɗaya yake cin abinci a yini. Sauran ukun suka yi tsit, abin da ba su saba ba. A Adar da wuya ka sami gidan da ba shi da wani a Abijan ko Libiya ko Legas. Mahaifina ya yi wannan tafiya shekara da shekaru, kaka na wucewa ya tafi, hadari na fara haɗuwa ya dawo da rediyo da turmin atamfa, kuma bai taɓa ba mu labarin yunwa ba. A bakin ɗan barkwancin nan na fara jin irin abin da bai faɗa mana ba.

Hirar wasannin mawaƙa ba ta kai wannan ba. Labari ɗaya ne ya tsaya mini, na daren da wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙa, aka tura Bagobirin ya riƙe jama'a da baki kawai, babu lasifika, har aka tada janareto, kuma aka sallame shi da "Allah ya yi albarka". Sauran duk habaici ne ga mawaƙan da ba su kama suna ba: wane mai rowa, wance mai makara. Su huɗun sun san da wa suke, suna ta ƙyaƙyata, mai saurare kuwa an bar shi a waje. Kashi na 5 na tsallake rabinsa.

Da aka zo kokowa sai hirar ta sake kama wuta. Ɗan Doson ba ya buɗe baki sai ya ambaci Isaka Isaka da takobinsa 6 (takobi shi ne kyautar zakaran kokowar ƙasa), ya ce a kawo masa jihar da ke da irinsa. Bagobirin ya ce kafin a haifi gwaninka Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a 1975. Ba'adaren ya bari suka gaji, sannan ya tambaye su a wane gari aka yi wannan kokowar ta farko. A Tawa aka yi ta, don haka a cewarsa dukansu baƙi ne a gidansa. Suka kwaikwayi kirari, suka kwaikwayi ɗan kokowar da ke shiga fili da layu har ba a ganin damtsensa, da mai kallo da ke toshe kunne in an kusa kada nasu. Wanda ya taɓa shiga kasuwa a kwanakin takobi, ya ga mai tebur ya manta da ciniki ya manna kunne a rediyo, zai gane ba ƙari suka yi ba.

Dattijo shi ya ɗauki labarin Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar, kuma ya iya. Ya fara daga Oktoban 2010, ranar da Musa Ma'azu ya jefa wa Masar ƙwallo ɗaya a filin Seyni Kountché, alhali Masar ta ɗauki kofin Afirka sau 3 a jere. Ya kai mu ranar ƙarshe a Oktoban 2011: an ci mu 3 da babu a Alƙahira, mutane sun kashe talabijin, can kuma 'yan Afirka ta Kudu sun yi canjaras da Saliyo suna ta rawa a fili sun ɗauka su suka wuce. Ashe ƙasashe 3 ne suka yi maki 9, kuma sakamakon karawar da suka yi a tsakaninsu ake dubawa, ba yawan ƙwallaye ba. Haka Nijar ta je kofin Afirka karo na farko a 2012. Na san labarin, ina Yamai a daren, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Gardamar Barsa da Madrid da ta biyo baya ta yi tsawo, irin wadda za ka ji kyauta a ƙofar kowane gidan kallo.

Yanzu ga inda nake da magana. Shekarata 14 ina aiki a kantin magani, don haka kashi na 7 da na 8 ban saurare su da kunnen mai neman dariya ba. Hirar ƙwaya ce, yawanci tramol. An ba da labarin ɗan kabu-kabun da ya sha ya ɗauki fasinja ya wuce da shi unguwa 3 bai ji ana ce masa tsaya ba, da lebura da ya sauke mota guda ta siminti shi kaɗai, da mai gadin da ya kwana 2 yana hira da bango. An tsara su da kyau, ba zan ɓoye ba, wani wuri na yi dariya. Amma a duk labaran nan wanda ya sha shi ne jarumi. Shi ne mai ƙarfi, shi ne ba ya gajiya, shi ake tafa wa. Yaro ɗan shekara 16 da ya saurara ba tsoro zai ɗauka ba, sha'awa zai ɗauka.

Tramol, wato tramadol, maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin su mofin. Wanda likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma ko babba ba a so ya wuce 400 a yini. Wanda ke yawo a tire da aljihun masu talla kuwa akwai mai 200, da 225, da 250, kuma na san masu watsa 4 ko 5 cikin kofin shayi da safe. Yawansa na jawo farfaɗiya, mutum yana bisa babur sai jikinsa ya sandare. Haɗa shi da maganin barci ko giya na iya tsayar da numfashi. Wanda ya saba kuma, ranar da bai samu ba, gaɓoɓi su yi ta ciwo, zufa ta karyo, barci ya ƙaurace. Ko ɗaya daga cikin wannan ba a ambata ba cikin awa 2.

Sai a kashi na 9 Dattijo ya gyara. Bagobirin ya ɗauko wani sabon labarin tramol, shi kuma ya ce masa, "Ƙanena, dakata, bari in ba ka nawa." Ya ce shi kansa ya sha shekara 3, ya fara ne don ya iya tsayuwa a gaban jama'a ba tare da gwiwa ta yi rawa ba. Ya faɗi ranar da ya faɗi a bayan dandali ya ciji harshensa, da ranar da ya sayar da keken ɗinkin matarsa, da kwana 10 na farko da ya daina, yana kwance ɗakin wansa yana kuka kamar yaro. Bai yi wa'azi ba, bai zagi kowa ba, har dariya ya ba da a tsakiya. Minti 20 ɗin nan sun fi duk wata takardar gargaɗi da muke mannawa a bangon kantinmu. Abin da ya ɓata mini rai shi ne an ajiye su bayan awa 2 na yabon ƙwaya, inda mai saurare da yawa ba zai kai ba.

Ta wajen aiki, sauti yana hawa yana sauka. Ba'adaren na nesa da abin ɗaukar magana, in mota ta hau wuri mai ramuka ba ka jin sa. Suna yawan hawa maganar juna, kuma ɗan Doson in ya yi zafi sai ya zarce da Faransanci, wanda tsofaffinmu ba za su bi ba. Akwai kalmomi 2 ko 3 da ba zan so a ji a gaban surukai ba. Katin kuma kashi 11 ne a ciki, na 4 an zuba shi sau biyu. Da na koma, yaron ya ba ni haƙuri ya ƙara mini na 12 nan take, bai karɓi ko dala ba.

Direba, mai gadi, tela, duk mai doguwar tafiya ko dogon zama, zai ci ribar kuɗinsa. Mai yara matasa a gida ya cire na 7 da na 8 kafin katin ya shiga hannunsu. Ni haka na yi. Ɗan yayata yana kabu-kabu a Tawa, kuma a wurin bikin na lura da idonsa da yadda hannunsa ke rawa in ya ɗauki kofi. Na tambaye shi, ya ce, "Kawu, gajiya ce kawai." Da na dawo Yamai na tura masa kashi na 9 ta WhatsApp, ban rubuta komai a ƙasa ba. Bai ba ni amsa ba har yau, amma yayata ta ce ta ji yana saurarensa da dare a zaure, sau biyu.