Masu kwashe kayan gida a Katsina: yadda aikinsu ya kasance ranar da Inna ta bar babban gida

Bayan mahaifiyarmu ta fita takaba, wato ta cika wata 4 da kwana 10 da rasuwar Malam, magada suka zauna suka amince a sayar da gidanmu na cikin birni, wanda ke wani lungu kusa da Ƙofar Marusa. Gidan ƙasa ne mai zaure biyu da ɗakuna 9, wanda a da mutum fiye da 20 ke kwana a cikinsa, amma a 'yan shekarun nan ya koma daga ita sai jika ɗaya. Kowace damina sai an yi yaɓe an gyara indararo, ga ciwon gwiwa da ya sa tsallaka tsakar gida da dare ya zame mata wahala. Yayanmu ya gina mata sashe mai ɗaki biyu da falo a gidansa da ke hanyar Dutsin-ma, sai dai kayan da aka tara cikin shekara 50 ba za su shiga ɗaki biyu ba ko da an danna su.

Wani maƙwabci ne ya haɗa mu da wasu matasa masu shagon saye da sayar da kayan ɗaki na hannu a wajen babbar kasuwa, waɗanda kuma suke karɓar aikin kwashe kaya daga gida zuwa gida. Tsarinsu mai sauƙi ne: maigidan shagon yakan zo da kansa ya zagaya gidan ba tare da karɓar ko sisi ba, ya faɗi kuɗin aiki da na mota, sannan ya yi tayin abin da iyali ke son sayarwa, a cire kuɗin aikin daga ciki. Mun yi da su a kan kwana biyu, da ma'aikata 5 da a-kori-kura ɗaya, kuma da yake motar ba ta shiga lungunmu, da baro da amalanke suka riƙa fitar da kaya zuwa bakin titi ba tare da sun ƙara mana kuɗi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ladabinsu. Ba su taɓa wuce zaure ba sai an yi musu izini, kuma maigidan shagon ya durƙusa ya gaida Inna ya yi mata ta'aziyya kafin ya ɗaga ido ya dubi ko kujera ɗaya. Duk da cewa mu ne muka kira shi kuma mu ne za mu biya, ita yake tambaya. Na ji shi sau da yawa yana cewa, "Inna, wannan da ke za a tafi, ko kuwa a bar wa jikoki?" Ya shimfiɗa tabarmi uku a tsakar gida, ɗaya ta kayan tafiya, ɗaya ta kayan rabo, ɗaya ta kayan sayarwa, ya aje mata kujera a inuwar darbejiya inda take ganin komai. Duk wanda ya taɓa raba tsohuwa da kayanta ya san cewa abin da ke ci mata rai ba rabuwar ba ce kawai, har da ganin 'ya'yanta suna yanke hukunci a kan kwanonta kamar ba ta wurin. Wannan tsari ya kawar mana da hakan gaba ɗaya.

Haka kuma ya san bambanci tsakanin dukiyar mamaci da ta matarsa. Kayan ɗakin Inna mallakarta ne, ba sa cikin gado, tumunin da shari'a ta ba ta kuwa daga dukiyar Malam yake fitowa. Da muka zo turakar Malam, sai mutumin ya tsaya ya tambaya ko an riga an raba, ya kuma ce ba zai sayi ko fanka ba sai magada biyu sun sa hannu a takarda. Littattafan Malam, irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, da Alƙur'aninsa na rubutun hannu a cikin gafaka, ba su bari ko ɗaya ya taɓa ƙasa ba. A kwali mai tsabta suka jera su, suka kai mana masallacin unguwa inda muka ba da su wakafi, Alƙur'anin kuma ya bi Inna.

Inda ban gamsu ba shi ne farashi, musamman na kayan jere. Kujeru da firji da keken ɗinki sun yi musu tayi mai kyau, domin su ne hajar da suka saba juyawa. Amma da aka sauko da tasoshin tagulla da kumbuna da kwalla da samira waɗanda aka kawo ta da su ranar aure, sai suka fito da ma'auni suna son saye da kilo kamar 'yan gwangwan. Ban ɗauki hakan a matsayin zamba ba, rashin sani ne, domin masu sayayya a shagonsu amare ne da sababbin ma'aikata, ba tsofaffin mata masu neman tasa mai nauyi ba. Ƙanwata ta hana, ta kira wata dillaliya da Inna ta daɗe da sani, kuma ko bayan an cire mata la'ada, abin da ta kawo ya kusan ninka tayinsu sau uku. Gado mai rumfa kuwa cewa suka yi ba shi da kasuwa yanzu, wanda gaskiya ne, don haka aka bai wa wata 'yar uwa da ta zo daga Rimi.

Kuskure na biyu ya fi yi mini zafi. Sun yi alkawarin zuwa da ƙarfe 8 na safe a rana ta biyu, amma ba su iso ba sai gab da azahar, saboda sun haɗa aikinmu da na wani gida. Inna ta yi wanka tun asuba, ta yi sallama da maƙwabta, an kwance gadonta, sai ta wuni a zaune kan tabarma a ɗakin da babu komai a cikinsa, maƙwabtan da suka riga suka yi kuka suna ta dawowa ana sake sabon kuka. Ga matashi wannan jinkiri ne kawai, amma ga mai shekara 70 da ɗoriya da ke barin ɗakin aurenta, awa biyar ɗin nan sun yi tsawo ƙwarai. Garin saurin gamawa kafin magariba kuma madubin sif ɗinta ya tsage a mota. Maigidan shagon bai yi musu ba, ya ba da haƙuri ya rage kuɗin madubin daga kuɗin aiki, kuma na yaba masa a kan hakan.

Ga iyalin da ke shirin irin wannan ƙaura, ina ganin za su amfana da waɗannan matasa wajen ɗauka da jigila da sayar da manyan kaya, amma kada su bar musu kimanta kayan mata. Ya kamata a nemi dillaliya tun mako guda kafin ranar, a kuma rubuta lokacin zuwa a cikin yarjejeniya tare da sharaɗin cewa motar ta gidan ce ita kaɗai a ranar. Gwal da magunguna da takardu kuwa 'ya'ya su kwashe da hannunsu. Mu a ƙasan wata tsohuwar adaka muka tarar da takardar wata gona da ta fanshon Malam, wasu tun kafin 1987, lokacin Katsina na ƙarƙashin Jihar Kaduna, a naɗe cikin tsummokaran da aka kusa zubarwa.

Abu na ƙarshe da aka fitar shi ne randa. Yayanmu ya ce akwai firji a sabon sashen, Inna ta ce ita ruwan randa take sha, maigidan shagon kuma bai jira mu gama magana ba ya sa aka juye ruwan, aka naɗe ta da tsohon bargo, ɗaya daga cikin yaransa ya rungume ta a gaban mota har hanyar Dutsin-ma. Kafin su karɓi cikon kuɗinsu sai da suka nemo yashi suka girka ta a ƙofar ɗakinta, a gefen da rana ba ta bugawa.